Karkashi a Agege

Daren da na tuɓe hular gashin a banɗaki
na tsaya gaban madubinmu mai tsaga.
Goshi ya ja baya
kamar ɗan haya da ya hango mai gida,
ƙeya ta yi fili,
saura kuwa soson wankin tukunya.
Matajin da ke hannuna ya fi kaina gashi.

Shekara shida ina kai shi Ikeja,
shagon Mama Tobi, gab da gada,
tana lafta min farin man nan mai cin fata.
Ina cije leɓe, tana cewa saura kaɗan.
Janareto na kuka, injin busarwa na hura wuta,
in fito da kai sulɓi kamar jelar doki,
in biya, har in yi godiya.

Gwaggo Lantana ce ta gani,
mai tuyar masa a bakin layin dogo.
Ta goge hannu a zani,
ta murza silin guda, ya karye mata kamar taliya.
Ta ce, "Hansatu, wannan ba ciwo ba ne.
Ƙishirwa ce.
Kin doke shi ya miƙe,
to a gabanki kaɗai ya miƙe."

Almakashi ta fara ɗaukowa.
Na yi kuka, ban ɓoye ba.
Ta ce mataccen reshe ba ya jin ban ruwa.

Ranar Lahadi ta jiƙa karkashi,
wanda direban tumatir ya sauke mata a Mil Sha Biyu,
a ruwan ɗumi, har ya yi yauƙi.
Ban da ruwan rijiyar gidanku, in ji ta,
mai barin tsatsa a gindin bokiti.
Tari na sama, ai garin nan ba ya rowarsa.
Sabulun salo ɗan ƙwarya-ƙwarya, ba kullum ba.
Sannan man kaɗe.
Ta narka shi tsakanin tafukanta
masu ƙanshin gawayi da tsamin ƙullu,
ta bi tsaga-tsaga, tana danna fatar kai da yatsa
kamar mai neman abin da ta ajiye tun bara.

Ba ta taɓa mataji ba.
Da yatsu take warwarewa, daga baki zuwa gindi.
Kitso guda takwas, sako-sako,
wanda ba ya ɗage gira,
ba ya hana mutum sujada.

Hulba kuwa, ni da ita mun sha kunya.
Na kwana da ita a kai, na shiga danfo da safe,
kwandasta ya shaƙa, ya leƙa ƙarƙashin kujera
yana tambayar wa ya ɗauko miya.

Wata guda, shiru.
Wata biyu, shiru,
sai dai matashin kaina ya daina tara gashi,
ƙaiƙayin dare ya yi sauƙi.
Na ce, Gwaggo, anya?
Ta juya masa ba ta dube ni ba:
"Ƙullun jiya nake toyawa yau.
Wa ya taɓa yi masa tsawa ya tashi?"

A na uku, cikin cunkoson Oshodi,
mota ta tsaya cik, gumi na bin wuya,
na sa hannu ƙarƙashin ɗankwali don in sosa,
sai na ji su,
ƙanana, masu laushi, a bakin goshi,
kamar gero kwana huɗu bayan shuka.
Na bar hannuna a wurin har Ikeja.

Bai kai kafaɗa ba har yau.
Murɗaɗɗe ne, mai taurin kai irin na gidanmu,
in ya sha ruwa ya ƙanƙance,
in na manta da shi kwana biyar ya yi fushi.
Hular tana rataye a ƙusa bayan ƙofa,
'yar maƙwabciyata na sa ta in suna wasan amarya.

Gobe Lahadi.
Akwai hadari ta wajen teku,
bari in fitar da bokiti.